Nunavut: Mazaɓar da Ta Ninka Najeriya Biyu, Kujerarta Ɗaya Tal

A can ƙuryar arewacin Kanada akwai wata mazaɓar tarayya mai suna Nunavut. Faɗinta ya ɗara murabba'in kilomita miliyan biyu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Kanada ke nan. Da za a haɗa Najeriya da Jamhuriyar Nijar wuri guda, da kaɗan za su fi ta girma. Duk wannan fili, mutum ɗaya ne ke wakiltarsa a majalisar wakilai ta Ottawa mai kujeru 343.

Ƙidayar 2021 ta sami mutum 36,858 a ciki. In aka raba musu ƙasar, kowa zai tashi da kimanin murabba'in kilomita 50 shi kaɗai. Sama da kashi 80 cikin ɗari nasu 'yan ƙabilar Inuit ne, asalin mazauna yankin ƙanƙara, kuma kusan rabinsu ba su wuce shekara 25 ba. Babu wani yanki a Kanada da yara da matasa suka yi rinjaye haka.

Abin mamaki, ba ita ce mazaɓa mafi ƙarancin jama'a ba. Labrador ce, inda aka ƙirga mutum dubu 26 da 'yan ɗaruruwa.

Ba titi, sai jirgi

Garuruwan Nunavut 25 ne, kuma babu titin mota da ya haɗa wani da wani. Babu kuma wanda ya haɗa su da kudancin Kanada. Mutum da kaya duk jirgin sama ke ɗauka, in ban da jirgin ruwa da ke kawo mai da kayan gini da motoci a ɗan lokacin da ƙanƙarar teku ta narke. Daga Iqaluit, babban birnin yankin mai mutum 7,429, zuwa Ottawa tafiyar awa uku ce a sama. Wanda ke son zuwa Iqaluit daga Kugluktuk da ke yamma, sau da yawa sai ya fita daga yankin gaba ɗaya, ya bi ta Yellowknife, sannan ya sake shigowa.

A nan ɗan takara ke shan wuya. Zaɓen 2021 kwana 36 aka ba shi na yaƙin neman ƙuri'a. Garuruwa 25 a kwana 36, ga tsadar tikiti, ga guguwar dusar ƙanƙara da kan hana jirgi tashi kwana da kwanaki. Zagaye su duka sai mai tsananin sa'a. Saboda haka rediyon gari da Facebook su ne dandalin siyasa, sai kuma dangantaka: wane ɗan gidan wane ne, wa ya san kakarsa, wane taimako ya taɓa yi wa mutanen garin.

Agogo uku ake bi a cikin mazaɓar. Idan ƙarfe tara ta buga a Iqaluit, takwas ce a Rankin Inlet, bakwai a Cambridge Bay.

Grise Fiord shi ne garin farar hula mafi nisa a arewa a duk Kanada, da mutum 144. Rana kan faɗi a can a ƙarshen Oktoba, ba a sake ganinta sai cikin Fabrairu. Zaɓen 23 ga Janairun 2006 ke nan an yi shi ba tare da rana ta fito ba. Na 28 ga Afrilun 2025 kuma an yi shi, an ƙirga ƙuri'u, an kwanta barci, rana ba ta faɗi ba.

Iyakokin mazaɓar ma abin kallo ne. Tsibiran da ke cikin tekun Hudson da mashigin James na Nunavut ne, har da Akimiski da ke daf da gaɓar lardin Ontario, nesa ƙwarai da Iqaluit. A watan Yunin 2022 kuma Kanada da Denmak suka kawo ƙarshen jayayyar kusan shekara hamsin a kan tsibirin Hans, wani falalen dutse da bai kai murabba'in kilomita ɗaya da rabi ba. Shekaru da dama jami'an kowace ƙasa kan je su kafa tutarsu su bar wa ɗaya ɓangaren kwalbar giya. Daga ƙarshe aka raba dutsen biyu. Ta haka mazaɓar Nunavut ta yi iyakar tudu da Girinlan, yankin Denmak.

An ba su 'yancin zaɓe, ba a kawo akwati ba

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. A 1934 dokar Kanada ta fito ƙarara ta hana Inuit kaɗa ƙuri'a. A 1950 aka soke hanin. Sai dai akwatunan zaɓe ba su isa yawancin garuruwansu ba sai 1962. Shekara goma sha biyu suna da 'yanci a rubuce, babu inda za su je su yi amfani da shi. Ma'ana, har yau akwai dattawa a Nunavut da suka yi wayo a zamanin da iyayensu ba su taɓa ganin rumfar zaɓe ba.

A wancan zamanin dai gwamnati ba ta ma kiran su da sunayensu. Jami'ai sun ce sunayen Inuit na da wuyar faɗa da rubutawa, sai daga 1941 aka riƙa ba kowa wani ɗan faifai mai girman tsabar kuɗi, ya rataya a wuya ko ya ɗaura a hannu. A jikinsa akwai harafin E ga mutanen gabas ko W ga na yamma, sai lambar gunduma, sai lambar mutum. Da lambar ake rubuta shi a asibiti, da ita ake biyansa kuɗi, da ita ake aiko masa da wasiƙa. Simonie Michael, Inuit na farko da ya shiga majalisar yankunan Arewa maso Yamma ta hanyar zaɓe a 1966, ya tashi a zauren ya yi tir da wannan wulaƙanci. Bayan haka aka ɗora wa wani mutum mai suna Abe Okpik aikin bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowane gida sunan da suke so a rubuta musu. Sai a farkon shekarun 1970 ya gama.

Shi kansa Grise Fiord ba mutane ne suka zaɓi zama a can ba. A 1953 da 1955 gwamnati ta kwashi iyalai, kimanin mutum 90, yawanci daga Inukjuak da ke arewacin Quebec, ta kai su can da kuma Resolute, tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa arewa. An yi musu alkawarin namun daji masu yawa, da cewa wanda bai ji daɗi ba zai koma gida bayan shekara biyu. Ba a cika ba. Suka tarar da duhun watanni da sanyin da ba su saba da shi ba, aka kuma raba iyalai a cikin jirgin ruwa ba tare da an gaya musu tun farko ba. Gwamnati ba ta nemi gafara ba sai 2010. A 2021 wani da ya tashi a wannan ɗan garin, P.J. Akeeagok, ya zama shugaban gwamnatin Nunavut.

Wakilai takwas

An fara zaɓe a mazaɓar a 1979, lokacin sunanta Nunatsiaq. Daga nan zuwa 2025 an yi babban zaɓe sau 15. Jam'iyyar Liberal ta ci 7, NDP ta ci 5, masu ra'ayin mazan jiya suka ci 3. Ba gidan kowa ba ne. Wakilai takwas aka yi, kuma dukkansu Inuit ne.

Na farko shi ne Peter Ittinuar na NDP, Inuit na farko da ya zauna a majalisar wakilan Kanada. Da ƙyar ya sha, tazararsa ba ta kai ƙuri'a 100 ba, kuma cikin waɗanda ya kayar har da Abe Okpik mai rubuta sunaye. Ittinuar jikan Peter Freuchen ne, shahararren ɗan yawon binciken nan na Denmak. Yana yaro gwamnati ta ɗauke shi tare da wasu yara biyu ta kai su Ottawa, don a gwada a gani ko ɗan Inuit zai iya karatu daidai da ɗan Bature. A 1982 ya sauya sheƙa zuwa Liberal, bayan gwamnatin tarayya ta amince a ƙa'idance da raba yankunan Arewa maso Yamma don a ƙirƙiro Nunavut. A 1984 Liberal ta hana shi tikiti, ya tsaya a matsayin indifenda, ya faɗi. Thomas Suluk na masu ra'ayin mazan jiya ya karɓa, ya yi zango ɗaya, sai Jack Anawak na Liberal daga 1988 zuwa 1997.

Daga 1997 kuwa mata suka karɓe kujerar. Cikin wakilai biyar na baya-bayan nan, huɗu mata ne. Nancy Karetak-Lindell ta garin Arviat ta ci zaɓe sau huɗu a jere, ta yi shekara goma sha ɗaya, kuma a ƙarshen 2024 aka naɗa ta sanata mai wakiltar yankin. A zaɓen 2021 'yan takara uku ne, duk mata.

Abin lura a nan shi ne, a watan Mayun 1997 an yi ƙuri'ar raba gardama kan wata shawara: kowace mazaɓa ta sabuwar majalisar yankin ta riƙa tura mutum biyu, namiji da mace. Da ta wuce, da majalisar ta zama rabi maza rabi mata bisa doka. Kashi 57 cikin ɗari suka ce a'a. Mutanen da suka ƙi a tilasta musu zaɓen mace, su ne suka yi ta tura mata Ottawa da hannunsu.

Leona Aglukkaq ta masu ra'ayin mazan jiya ta ci a 2008, nan take aka ba ta ministar lafiya. Ita ce Inuit ta farko a majalisar ministocin tarayya. Daga 2013 ta koma ma'aikatar muhalli, ta kuma shugabanci Majalisar Arctic ta ƙasashe takwas. A ƙarshen 2014 wani gidan talabijin ya nuna mutane suna tsintar abinci a bolar Rankin Inlet saboda tsada. Ana tambayar gwamnati a kan batun a zauren majalisa, kyamara ta kama ta tana karanta jarida. Ta ba da haƙuri daga baya. A 2015 ta rasa kujerar, ta sake fitowa a 2019 ta zo ta uku.

Hunter Tootoo na Liberal da ya kayar da ita ya zama ministan kamun kifi. Bai kai wata bakwai a ofis ba ya yi murabus a ƙarshen Mayun 2016, ya ce zai je neman magani kan shaye-shaye. Ya ƙarasa zangonsa ba jam'iyya.

Mumilaaq Qaqqaq ta NDP tana da shekara 25 ta ci zaɓen 2019. 'Yar Baker Lake ce, garin Nunavut ɗaya tilo da ba a bakin teku yake ba. Ta shiga majalisa da zanen gargajiya na matan Inuit a fuskarta, zanen da masu wa'azin mishan suka yi ta hanawa har ya kusa ɓacewa. A 2020 ta bi garuruwa tana shiga gidaje, tana ɗaukar hoton bangayen da suka yi funfuna da ɗakunan da mutane suka cunkushe a ciki. Abin da ta gani ya taɓa lafiyarta har ta ɗauki hutu. A jawabin bankwana a Yunin 2021 ta shaida wa majalisa cewa masu gadin ginin sun sha tare ta kamar ba 'yar majalisa ba, kuma ba ta taɓa jin kwanciyar hankali a wurin ba. Ba ta sake takara ba. Ni a ganina wannan jawabi ya fi duk wata ƙididdiga nuna nauyin kujerar, domin duk kukan garuruwa 25 a wuyan mutum ɗaya yake, kuma muryarsa ɗaya ce a zaure mai ɗaruruwan mutane da yawancinsu ba su taɓa taka yankin ba.

Lori Idlout, lauya daga Igloolik, ta gaje ta a 2021. Takan yi jawabi a zauren da harshen Inuktitut, abin da ya yi sauƙi tun 2019 da majalisar ta fara tanadin tafinta ga harsunan 'yan asalin ƙasa. A 2025 NDP ta sha mummunan kaye, ta tsira da kujeru 7 kacal a duk ƙasar. Ta Nunavut na cikinsu, da tazarar ƙuri'a 41 a kan Kilikvak Kabloona ta Liberal. Iyalai kaɗan a gari ɗaya da sun juya sakamakon.

Ko a haka wata mazaɓar ta fi ta ƙanƙantar tazara a shekarar. A Terrebonne da ke Quebec ƙuri'a ɗaya ce ta raba, har magana ta kai kotu. A Carleton kuma masu zanga-zangar neman sauya tsarin zaɓe sun cika takardar ƙuri'a da sunaye har 91, tsawonta ya kusa mita guda. Mai zaɓe a Nunavut sunaye uku ya tarar.

Majalisa ba jam'iyya

A zaɓen tarayya ne kawai mutanen Nunavut ke haɗuwa da jam'iyyu. Majalisar yankin mai kujeru 22 babu jam'iyya ko ɗaya a cikinta. Kowa da sunansa yake tsayawa. Bayan zaɓe sai 'yan majalisar su zauna su zaɓi kakaki da shugaban gwamnati da ministoci daga cikinsu, waɗanda suka rage kuma, da yake sun fi ministocin yawa, su ne masu sa ido. Kujerun zauren a da'ira aka jera su, kuma sandar majalisa da hauren wata dabbar teku mai suna narwal aka yi ta. Wanda ya saba da wannan, ba abin mamaki ba ne in ya zo zaɓen tarayya ya dubi mutum kafin ya dubi alamar jam'iyya.

A zaɓen yankin na 2013 an yi kunnen doki a Rankin Inlet ta Kudu: Lorne Kusugak 172, Alexander Sammurtok 172. Aka sake ƙirgawa, haka dai. Sai da aka sake zaɓe a Fabrairun 2014, Sammurtok ya ci.

Yankin kansa da ƙuri'a aka gina shi. A 1982 kashi 56 cikin ɗari suka amince a raba yankunan Arewa maso Yamma gida biyu. A 1992 Inuit suka amince da yarjejeniyar filaye, aka sa mata hannu a 1993. A 1995 aka zaɓi Iqaluit a kan Rankin Inlet ta zama babban birni. Ranar 1 ga Afrilun 1999 Nunavut ta tsaya da ƙafarta, Paul Okalik mai shekara 34 ya zama shugaban gwamnati na farko. A 2016 aka tambayi kowane gari ko ya yarda hukumar gari ta riƙa sayar da filaye ga ɗaiɗaikun mutane maimakon ba da haya. Babu garin da ya yarda.

  

Me ya sa ba sa fitowa?

A 2021 kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai na masu rajista ya kaɗa ƙuri'a a Nunavut, alhali a ƙasar baki ɗaya an haura kashi 62 cikin ɗari. Babu lardi ko yankin da ya yi ƙasa haka. Idlout ta ci kujerar da ƙuri'un da ba su kai 3,500 ba.

Mai saurin yanke hukunci zai ce halin ko-in-kula ne. Ban yarda ba. Takardar ƙuri'ar tarayya da Turanci da Faransanci ake buga ta, da haruffan boko. Inuktitut kuwa a yawancin garuruwan da nasa rubutun ake rubuta shi, wasu alamomi masu kusurwa da ƙugiya waɗanda 'yan mishan suka yaɗa tun ƙarni na 19, kuma dattawa da dama shi kaɗai suka iya karantawa. A 2021 abin da hukumar zaɓe ta yi shi ne manna kwafin takardar da Inuktitut a rumfa, tsohuwa ta duba can, ta dawo ta laluba layin da ya yi daidai a takardar gaske. Qaqqaq da Idlout duk sun kai ƙudurin gyara wannan gaban majalisa. A zaɓen yankin kuwa, inda ake buga sunaye da harshen mutane kuma ɗan takara maƙwabci ne, fitowa ta fi yawa a 2021.

Sannan ga abin da ake ta alkawari a kansa tun zamanin Ittinuar. Fiye da rabin Inuit na yankin a cunkushe suke zaune a gidajen da suka yi musu kaɗan. Tarin fuka, wanda kudancin Kanada ya kusa mantawa da shi, yana kama Inuit ninki ɗaruruwa fiye da sauran haifaffun ƙasar. Kayan abinci a kanti kan ninka farashin Ottawa biyu ko uku, duk da tallafin jigila da aka ƙaddamar a 2011. A Oktoban 2021, makonni kaɗan bayan zaɓe, aka gano mai a cikin ruwan famfon Iqaluit, mutane suka yi kusan wata biyu suna ɗibar ruwa a kogi ko jiran na roba daga jirgi. An tura ɗan adawa, an tura minista har sau biyu, an jarraba jam'iyyu uku. Mutumin da ya ga duk wannan, in ya zaɓi ya fita farauta ranar zaɓe don ya ciyar da gidansa, lissafi ya yi.

Matsalar akwati ma ba ta zama tarihi ba tukuna. A zaɓen Afrilun 2025, a Nunavik, yankin Inuit na arewacin Quebec da ke maƙwabtaka, an rufe rumfuna da wuri a wasu garuruwa, a wasu kuma ba a buɗe ba sam. Hukumar zaɓen Kanada ta fito ta nemi gafara.

A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wa Nunavut ikon filayen gwamnati da ma'adinai da ruwan da ke cikinta, wadda aka tsara za ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2027. Ƙasar na da zinariya a kusa da Baker Lake da Rankin Inlet, da tama mai yawa a arewacin tsibirin Baffin. Daga ranar, izinin haƙa da kuɗin da ke biyo baya a waɗannan filaye za su koma hannun majalisar nan mai kujeru 22 da ke Iqaluit.